Ƙaramar tarakta mai ƙafa biyu ta hannu: abin da na duba kafin saye da yadda ta yi mini aiki a rani biyu

Gonata tana yankin noman rani na Kadawa, a ƙaramar hukumar Garun Malam ta jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga yake biyo magudanai yana shayar da gonaki tun shekarun 1970. Duk wanda yake noma a wannan yanki ya san matsin da ake shiga tsakanin yankan shinkafar damina da dashen tumatir ko shukar alkama, domin a cikin waɗannan 'yan makonni na Oktoba da Nuwamba kowa yana neman mai tantan a lokaci guda, kuma mai ƙaramar gona shi ne ake bari a ƙarshen layi. Ko da babbar taraktar ta zo, nauyinta yana rusa gefen fangali, yana danne ƙasa a wurin juyawa, sai an sake ɗaukar 'yan ƙwadago sun gyara abin da ta ɓata. Wannan ne ya sa na yanke shawarar sayen ƙaramar tarakta mai ƙafa biyu, wadda ake riƙe da hannu ana bin ta a baya, wadda masu sayarwa suke kira fawa-tila. Kuɗin sabuwa ya fi ƙarfina, don haka na nemi ta hannu, kuma yanzu ta yi mini noman rani biyu da damina ɗaya a tsakaninsu.

Wadda na saya irin ƙirar nan ce ta ƙasar Sin da aka fi sani da lambar DF-12, wadda asalinta na kamfanin Dongfeng ne da ke birnin Changzhou, ko da yake masana'antu da dama a can suna ƙera taraktoci masu kama da ita ƙwarai. Injinta mai silinda ɗaya ne a kwance, yana shan man gas, ruwa ne yake sanyaya shi daga wata tukunya da ke samansa, kuma lambarsa S195. Wannan lamba tana da ma'ana da ya kamata mai saye ya sani: 1 na nufin silinda ɗaya, 95 kuwa faɗin silindar ne a ma'aunin milimita, kamar yadda 1100 yake nufin silinda ɗaya mai faɗin milimita 100. Ƙarfin S195 na doki 12 ne. Daga injin, bel-bel ne suke kai ƙarfi ga kuloci, daga nan zuwa akwatin giya mai giyar gaba 6 da ta baya 2, sannan a bayan taraktar akwai abin kaftu mai wuƙaƙe 18 da suke juyawa suna farfasa ƙasa a faɗin santimita 60. Ba ta da sitiyari. Ana juya ta ne da wasu 'yan maƙullai biyu da ke ƙarƙashin mariƙai, idan aka matsa na dama ƙafar dama ta daina ja sai ta hagu ta juyo da ita dama.

Hukuncina a kanta shi ne ta cancanci kuɗinta ga mai lambu ko fadama da ba ta wuce hekta 2 ko 3 ba, amma da sharaɗin ya san inda haɗarin sayen ta hannu yake. Yawancin masu saye suna tsayawa ne a kan inji, suna sauraron ƙararsa, idan ya tashi da wuri sai hankalinsu ya kwanta. A ganina injin shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin gyara a dukkan taraktar, domin shi ne irin injin da yake jan injinan niƙa da na casar shinkafa a garuruwa da ƙauyukanmu, saboda haka ringinsa da fistin da nozul da gaskit duk ana samun su a Sabon Gari, kuma da wuya ka rasa makanikin da ya san cikinsa. Akwatin giya da maƙullan juyawa da abin kaftu kuwa nasu daban ne, ba su da tagwaye a injin niƙa, kuma idan haƙorin giya ɗaya ya karye ana iya shafe makonni ana nema ko ana jiran a sassaƙa wani, alhali irin tumatir yana tsufa a gadonsa. Saboda haka darajar tarakta ta hannu tana cikin akwatin giyarta, kuma a kansa ya kamata a yi ciniki.

Duk da haka da inji ake fara dubawa, kuma sharaɗi na farko shi ne a same shi da sanyinsa. Kafin in sami wadda na saya na duba guda uku, kuma ta farkon na tarar an riga an tayar da ita kafin isowarmu, an wanke ta, an yi mata sabon jan fenti har a kan kawunan notuna. Dattijon makanikin da na tafi da shi ya ɗora bayan hannunsa a kan salansa, ya ji ɗumi, sai ya ce wa mai ita, "Alhaji, a yi mana haƙuri, gobe bayan asuba za mu dawo, kada kowa ya taɓa ta." Da muka dawo washegari cikin sanyin hunturu, sai da aka jiƙa tsumma da fetur aka kara a bakin iska kafin ta kama, wanda hakan yake nuna silinda da ringi sun cinye har ba sa matse iska yadda za ta yi zafin kunna man gas. Ga yadda ake gane wannan tun ba a tayar ba: a sa hannun tayarwa a juya a hankali ba tare da an danna ɗan maƙullin sakin iska ba. Inji mai lafiya zai tsaya cak a wani wuri, ya ture hannun mutum baya, wanda ya gaji kuwa zai wuce da ɗan ƙoƙari yana huci. Sannan a danna maƙullin a juya da sauri, a kasa kunne, domin nozul mai kyau yana yin wata 'yar ƙara siririya a duk lokacin da ya fesa mai.

Idan ya tashi, hayaƙi ne shaida ta biyu. Ɗan baƙin hayaƙi a farkon tashi ba komai ba ne, amma wanda ya ci gaba da fita alhali ba a ɗora wa injin aiki ba yana nuna nozul yana zubar da mai maimakon fesawa, ko kuma hanyar iska ta toshe. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin injin yana ƙona baƙin mai, fari kuwa da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi yana iya zama ruwa ne yake shiga silinda. A leƙa cikin tukunyar ruwan yayin da injin yake aiki tun bai tafasa ba, idan ana ganin kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya, ko maiƙo yana yawo a saman ruwan, to gaskit ya ƙone ko kan injin ya tsage. Wannan tsagewa ta zama ruwan dare a injinan da aka bar wa yara, domin sukan bari ruwa ya ƙafe sannan su kwarara mai sanyi a kan ƙarfen da ya yi ja. A zaro sandar auna baƙin mai a duba launinsa, idan ya koma kamar shayi mai madara ruwa ya gauraya da shi. Haka kuma a duba bangon tukunyar, domin ruwan magudana mai laka da ruwan rijiya mai gishiri suna barin dasƙararren datti da yake hana injin sanyi.

Akwai abubuwa uku da na koya daga makanikin nan waɗanda ba sa ɗaukar minti biyar. Na farko, bayan an kashe injin, a kama babban faifan ƙarfen da ke gefensa da hannu biyu a jijjiga shi sama da ƙasa, sannan ciki da waje. Idan yana motsi ko yana ƙwanƙwasawa, boris ɗin da ke riƙe da sandar injin sun tafi, ko kuma notin faifan ya saki, kuma faifai mai wannan nauyi idan ya kufce yana gudu zai iya hallaka mutum. Na biyu, a buɗe matacin iska, wanda a irin waɗannan injina kwano ne da ake zuba baƙin mai a cikinsa don ya kama ƙura. Idan aka tarar da kwanon a bushe ko cike da busasshen taɓo, to injin ya daɗe yana shaƙar ƙurar hunturu kai tsaye, kuma wannan kaɗai ya isa ya gaya maka irin riƙon da mai ita ya yi mata. Na uku, a saman murfin kan injin akwai wata 'yar alama ja a cikin gilashi da take tasowa idan baƙin mai yana zagayawa da ƙarfinsa. Ya kamata ta taso nan da nan bayan tashin injin, ta kuma zauna a sama ko da injin ya yi zafi an rage masa wuta.

Da yake injin yana zaune ne a kan firam da notuna huɗu kawai, sauya shi abu ne mai sauƙi, kuma da yawa daga taraktocin da ke kasuwa ba da injinsu na asali suke ba. Wannan ba aibi ba ne idan an faɗa maka gaskiya kuma an yi aikin da kyau, amma a tsaya a bayan taraktar a hango ko fulin injin da na kuloci suna kan layi ɗaya, domin idan sun karkace bel zai riƙa cinyewa ta gefe guda yana tsinkewa a tsakiyar aiki. A duba kuma ko an huda sababbin ramuka a firam ko an yi masa walda don injin ya zauna. Su kansu bel-bel ɗin ya kamata su kasance tsawonsu ɗaya, domin idan aka haɗa tsoho da sabo, sabon ne kaɗai zai ɗauki nauyin. Hannun kuloci yana da matsayi uku, na kamawa da na saki da na birki, kuma a gwada dukkansu. Idan an ja shi zuwa saki amma giya tana ƙara wajen shiga, kulocin bai saki sosai ba, idan kuma taraktar tana nishi a cikin ƙasa injin yana gudu amma ƙafafun suna jinkiri, faifan kulocin ya cinye. Gyaran wannan ba shi da tsada sosai, sai dai a cire kuɗinsa daga farashi.

A kan akwatin giya na fi ɓata lokaci, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka ko da mai tarakta ya nuna gajiya. Mun tafi da man giya sabo, muka roƙi izini muka kwance notin ƙasa muka tsiyaye tsohon a cikin kwano mai tsabta, sannan makanikin ya zura mayen ƙarfe a ciki. Laushin garin ƙarfe kamar toka abu ne da ake samu a kowace tsohuwar giya, amma ɓarɓashi mai kaifi da yatsa yake ji, ko guntun haƙori, shaida ce cewa wani abu ya riga ya karye a ciki. A tarakta ta biyu da muka duba ruwa ne ya fara zubowa kafin mai, domin ta yi shekaru tana aikin taɓon shinkafa da lalatattun sil, kuma ruwan da ya kwana a cikin akwatin giya ya riga ya ci boris da tsatsa ko da ba a ji ƙara ba tukuna. Mai tarakta da ya hana a buɗe wannan noti, alhali an kawo man da za a mayar masa, a ganina ya ba da amsar da ake nema. Bayan haka a shiga kowace giya ɗaya bayan ɗaya, takwas ɗin duka, a yi tafiya da ita, ba a tsaye kawai ba. Giyar da aka fi aiki da ita a kaftu, wato ta ɗaya da ta biyu, ita ce take fara fita da kanta idan nauyi ya hau, kuma wasu masu taraktar sukan ɗaure sandar giyar da roba ko waya don ta zauna. Idan ka ga alamar gogar waya a jikin sandar, ka tambayi dalili.

Maƙullan juyawa su ne inda ni kaina na yi sakaci, kuma shi ya sa nake nanata su. A cikin akwatin giya kowace ƙafa tana da wasu haƙora masu shiga juna, matsa maƙulli yana raba su, sakinsa kuma yana sa wani sifirin ya mayar da su. Idan bakin haƙoran ya cinye ya zama da santsi, sai su riƙa zamewa da kansu lokacin da ƙasa ta yi nauyi, taraktar ta fizge gefe guda ba tare da an taɓa komai ba. Ranar da na gwada tawa, na juya ta dama da hagu a kan busasshen fili a ƙofar gidan mai ita, ta amsa da kyau, na gamsu. Sai a mako na biyu, a cikin jiƙaƙƙiyar laka, ƙafar hagu ta fara ƙwacewa tana wata ƙara kamar ana buga guduma, har sau ɗaya ta hau gefen fangali da ni. Buɗe akwatin da nemo haƙoran da suka dace ya cinye mini kwana 9 a daidai lokacin dashe. Da na gwada ta a cikin gona wuƙaƙe suna cikin ƙasa, da na ji wannan tun kafin in biya. Gwajin da ya dace shi ne a yi ta zagaye dama da hagu a jere sau da yawa ana cikin kaftu, a lura ko kowane maƙulli yana saki nan take, ko yana komawa nan take, sannan a saki mariƙan kaɗan a miƙaƙƙen layi a ga ko tana tafiya sak.

Ƙafafun ba su da wuyar dubawa. A ɗaga kowane gefe a jijjiga tayar, a duba ko mai yana tsatsafowa daga inda sandar ƙafa ta fito daga akwati, a kuma duba ko an yi wa cibiyar tayar walda a jikin sandar, domin an ƙera ta ne yadda za a iya matsar da ita ciki ko waje gwargwadon faɗin kunya, kuma walda tana nuna mazaunin ya lalace. Tayoyin masu lamba 6.00-12 ne, ana samun su, amma guda biyu sababbi kuɗi ne mai kauri. Da yake waɗannan taraktoci ba su da agogon ƙirga awannin aiki, tudun tayoyi da robar mariƙai da kawunan notunan da sifana ta cinye su ne suke faɗin shekarunta fiye da bakin dillali. Mai niyyar noman shinkafa ya tambayi ƙafafun ƙarfe na shiga taɓo, domin sau da yawa suna nan a jingine a bayan gida, kuma idan ba a ambace su a cikin ciniki ba sai an saye su daban.

Abin kaftu shi ne yake shan wahalar gona fiye da kowane ɓangare. Wuƙaƙen kansu kayan cinyewa ne, ana sa ran a sauya su, sai dai a lura cewa akwai masu lanƙwasa dama da masu lanƙwasa hagu, kuma idan an jera su barkatai taraktar za ta riƙa tara ƙasa gefe guda tana barin rami a ɗaya gefen. Abin da ya fi wuƙaƙe muhimmanci shi ne sandar da suke ɗaure a jikinta. A ɗaga bayan taraktar, injin a kashe, a juya sandar da hannu a ga ko tana layi, domin wadda ta daki kututture ko dutse ta lanƙwashe za ta riƙa cinye boris komai yawan sauya su. A duba mazaunan wuƙaƙen ko an sha yi musu walda. A ƙarshen sandar ta kowane gefe ciyawa da igiyar leda sukan naɗe su yanka sil, mai ya zube, ƙasa ta shiga. A gefe guda akwai akwatin sarƙar da take juya sandar, kuma idan aka murɗa sandar gaba da baya aka ji tana tafiya mai nisa kafin ta kama, sarƙar ta miƙe. 'Yar ƙafar baya da ake murɗawa don ƙayyade zurfin kaftu ita ma a gwada ta, domin idan zarenta ya cinye ba za a iya riƙe zurfi ɗaya ba.

Wadda na saya ita ce ta huɗu da na gani. Fentinta ya koɗe, fitilarta ba ta kamawa, injinta yana ɗan shan baƙin mai, amma man giyarta ya fito da tsabta, firam ɗinta babu walda ko ɗaya, kuma mai ita ya fito da ƙafafun ƙarfe da garma ba tare da an tambaye shi ba. Kafin in ba da kafin alƙalami na nemi sanin asalinta, domin da yawa daga irin waɗannan taraktoci sun shigo hannun manoma ne ta hanyar ƙungiyoyi ko rancen shirye-shiryen gwamnati, kuma akwai wadda mutum ɗaya zai kawo kasuwa alhali ta jama'a ce ko ba a gama biyan bashinta ba. Mun rubuta takarda a gaban mai unguwa da shaidu biyu, aka sa lambar inji da lambar firam da duk kayan da suka biyo ta, aka kuma fayyace wanda zai biya la'adar dillali. A fiƙihun Malikiyya mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa, amma tabbatar da cewa aibin ya girmi cinikin abu ne mai wuya a kan inji, saboda haka ya fi kyau a rubuta aibobin da aka sani a cikin takardar, a kuma nemi kwana biyu ko uku na gwaji a gona idan mai ita ya yarda. Ni ban nemi waɗannan kwanaki ba, kuma da na nema da matsalar ƙafar hagu ta fito a cikinsu. Na kuma ware kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da na tanada don gyaran farko, wanda ya tafi a kan ringi da bel da wuƙaƙe da mayuka, kuma ban ga ya yi yawa ba.

Game da aikinta, lissafin a fili yake. Faɗin santimita 60 a tafiyar kilomita 2 cikin awa yana ba da murabba'in mita 1,200, kuma idan aka cire lokacin juyawa da tsallaka gefen fangali da ƙara ruwa a tukunya, abin da nake samu bai cika wuce 1,000 ba. Ke nan hekta ɗaya tana cin awa 10 zuwa 12, wato yini biyu ga mutum ɗaya. Man gas da take sha a hannuna yana tsakanin lita 1.5 da 2 a awa, gwargwadon nauyin ƙasa, kuma tun da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022 wannan lissafi ya zama dole kafin a karɓi aikin haya a gonar wani. A ƙasa mai danshi tana yin laushin da babbar tarakta da haro ba sa yi, har ana iya dasa albasa ko shuka karas a bayanta da ɗan gyara kaɗan, kuma a taɓon shinkafa da ƙafafun ƙarfe aikinta ya fi na 'yan ƙwadago daidaito nesa ba kusa ba. A busasshiyar laka da ta tsattsage kuwa wuƙaƙen ba sa shiga, sai ta riƙa tsalle tana tura kanta gaba, don haka nakan ba gona ruwa in jira kwana biyu ko uku ta sha iska kafin in shiga. Zurfinta bai cika wuce santimita 12 zuwa 15 ba, saboda haka ba ta maye gurbin babbar garma ga mai son fasa sabuwar gona ko saura mai saiwoyi, kuma mai babbar gonar tudu ta dawa ko masara zai fi samun biyan buƙata da shanun huɗa ko hayar tantan.

Tana kuma neman ƙarfin jiki. Nauyinta ya haura kilo 300, girgizarta tana shiga kafaɗu, kuma bin ta a cikin laka daga safe zuwa azahar aiki ne na mutum mai lafiya, ba na yaro ba. Ba a ja da baya wuƙaƙe suna juyawa, domin suna daidai ƙafafun mai riƙe da ita, kuma ba a kusantar bel da babbar riga ko rawani. Akwai kuma wata ɗabi'a ta duk taraktocin da ake juyawa da maƙullai wadda wajibi ne a gaya wa duk wanda za a ba ta, musamman idan an ɗaura mata tirela ana kai kwandunan tumatir bakin titi ko kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. A gangare mai tsanani, lokacin da kaya suke tura taraktar daga baya, ƙafar da aka saki ita ce take gudu fiye da wadda injin yake riƙe da ita, saboda haka matsa maƙullin dama yana juya ta hagu. A irin wannan wuri nakan sa ƙaramar giya tun kafin in fara sauka, ba na taɓa maƙullan ko kaɗan, sai in karkatar da ita da mariƙai kawai, kuma haka na koya wa ƙanena kafin in bar shi ya hau hanyar magudana da ita.